Emu Mai Rauni a Gonakin Ostireliya

A ƙasar Ostireliya akwai wata babbar tsuntsuwa da a ke kira emu. 'Yar'uwar jimina ce, kuma in an ɗebe jimina babu tsuntsun da ya kai ta tsawo a duniya duka. Ba ta tashi sama, ba ta kuma da mai ita. Yawonta ta ke yi cikin daji da gonaki yadda ta ga dama, ta sha ruwa a kwamin tumaki, ta ci alkamar mutane, ta wuce abinta. Saboda haka ba abin mamaki ba ne manomi ya fita duba shingensa da sassafe ya tarar da ita kwance waya ta naɗe mata ƙafa, ko kuwa ya hango ta can gefen gona tana ɗingishi. Abin da zai yi cikin sa'a guda ta farko shi ne zancenmu na yau, domin a cikin wannan sa'a ne a kan ceci tsuntsuwar, a cikinta ne kuma a kan kashe ta da sunan taimako.

Kafin mu shiga zancen jinya ya kamata mai karatu ya san irin halittar da a ke magana a kanta. Emu babba ta kan kai ƙafa shida a tsaye, nauyinta kuwa tsakanin kilo 30 zuwa 45, tamatar ta ɗan fi namijin girma. Yatsun ƙafarta uku ne, na jimina biyu. Fiffikenta bai wuce taki guda ba, ya ɓuya cikin gashi har sai an lura a ke ganinsa. Ƙarfinta duka a ƙafa ya ke. In ta zura da gudu ta kan yi mil 30 a sa'a, da ƙafar ta ke neman abinci da ruwa a ƙasar da ruwa ke da nisa, da ita kuma ta ke faɗa da karen dajin nan da su ke kira dingo. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin maganar: emu da ta karye a fiffike za ta ci gaba da zamanta kamar ba abin da ya faru, amma wadda ta karye a ƙafa ta rasa abincinta da ruwanta da makaminta gaba ɗaya.

Abin da ke ji mata rauni

Babban abokin gabarta shinge ne. Emu ba ta zama wuri ɗaya. Inda ruwan sama ya sauka, ciyawa ta tsiro, fara da tsutsotsi suka yawaita, can ta ke nufa, ko da tafiyar ta kai ɗaruruwan mil. A Ostireliya ta Yamma ma tafiyar tana da lokaci, su yi arewa da zafi, su gangaro kudu da sanyi. To, Turawa da suka zo suka yanka ƙasar gona gona, suka ja waya, ba su tambayi emu hanyarta ba. Ita kuwa ba ta iya tsallake kamar barewa. In ta iso shinge sai ta bi gefensa tana neman kafa, in an firgita ta kuwa sai ta afka masa da ƙirji. Waya mai ƙaya ta kan tsaga mata fatar wuya da ta ƙirji. Wani lokaci ta kusa ƙetarewa, sai ƙafa ɗaya ta shiga tsakanin wayoyi biyu na sama, nauyinta ya murɗa su su shaƙe ƙafar, ta kwana a rataye tana fizge-fizge.

Akwai wani dogon shinge na Gwamnati a Ostireliya ta Yamma. Asalinsa domin zomaye aka gina shi tsakanin 1901 da 1907, daga baya aka mai da wani sashe nasa na tare emu da karnukan daji daga gonakin alkama, tsawonsa wajen mil 750. A shekarun fari, kamar 1976, emu dubbai sun taru a jikinsa suna neman hanyar kudu, da yawa kuma a nan suka mutu.

Bayan shinge sai mota, musamman da asuba da magariba, sai karnukan gida. Akwai kuma wani ciwo da ba a gani da ido. Emu tana da son ganin ƙwaƙwaf, kuma tana haɗiye tsakuwa domin niƙa abinci a ƙundunta, saboda haka duk abin da ke ƙyalli a ƙasa, ƙusa ne ko guntun waya ko fasasshen kwalba, ta kan tsince shi. Irin wannan sai a ga tana ramewa tana zama ita kaɗai, ba jini ba karaya.

Wani abu kuma da ke ruɗin mutane shi ne jimirinta. A 1932, manoman alkama na gundumar Campion, waɗanda yawancinsu tsofaffin sojan Yaƙin Duniya na Farko ne da aka ba gonaki, suka kai kuka ga Ministan Tsaro, Sir George Pearce, cewa emu wajen 20,000 sun sauka a kan alkamarsu. Aka aiko da Manjo Meredith da soja biyu, da bindiga mai ruwa guda biyu da harsashi 10,000. Aka fara a watan Nuwamba, aka tashi a Disamba. Bisa ga lissafin shi Manjo da kansa, harsashi 9,860 aka harba aka kashe 986, watau goma ga kowace tsuntsuwa, kuma sojan sun yi ta mamakin yadda a ke samun emu da harsashi ta ci gaba da gudu. Jaridun duniya sun yi dariyar wannan yaƙi har suka gaji. Amma ga mai jinya akwai darasi a ciki: naman dajin da ya nuna rauni shi a ke fara ci, don haka emu ta kan ɓoye nata har ƙarfinta ya ƙare. Gudun da ta yi da ta gan ka ba shaida ba ne cewa lafiyarta lau. Wadda kuma ta bari ka iso gare ta tana kwance, to abin ya yi nisa.

A tsaya a duba tukuna

Zuciyar mutumin kirki in ya ga dabba cikin wahala ita ce ya ruga ya kama ta. Ga emu wannan shi ne mafi munin abin da za a yi, kuma dalilin ya cancanci a yi masa bayani sosai, domin ba kowa ya san shi ba.

Akwai wata cuta da likitocin dabbobi suka daɗe da sani a namun daji masu gudu, irin su barewa da kangaru da manyan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu. Za mu iya kiranta ciwon kora. Sa'ad da a ka bi dabba da mota ko babur ko karnuka, ko a ka danne ta tana kokawa na dogon lokaci, tsoro da wahala su kan sa tsokarta ta yi aikin da ya fi ƙarfin iskar da jini ke kai mata. Jiki ya yi zafi ƙwarai, tsami ya taru a cikin tsoka, zaren tsokar ya fara lalacewa. Abin da ya fito daga ruɓaɓɓiyar tsokar ya shiga jini, ya je ya toshe ƙoda, wani kuma ya dagula bugun zuciya. Wata dabbar a hannun masu kamun za ta mutu. Wata kuwa sai a sake ta ta tafi, kowa ya koma gida yana murna, bayan kwana biyu ko mako guda a tarar da ita ta kasa tashi, ƙafafu sun sandare. In ciwon ya kama, da wuya magani ya yi amfani. Rigakafinsa kaɗai a ke da shi, watau kada a kora, kada a daɗe ana kokawa, kada kuma a yi aikin da tsakar rana. Sau da yawa tsagar da waya ta yi da ta warke da kanta, korar da a ka yi don a wanke ta ita ce ajali.

Saboda haka aikin farko na manomi shi ne ya ɗaure karnukansa, ya kashe injin mota, ya hana yara matsowa, ya tsaya daga nesa da madubin hangen nesa in yana da shi. Ya duba: tana taka ƙafafun duka biyu, ko ɗaya na reto? Akwai ƙashi a waje? Jinin yana zuba har yanzu ko ya daskare? Tana ɗaga kai tana bin motsi da ido, ko wuyan ya faɗi ƙasa? Tana kiwo, tana zuwa ruwa? Ya ɗauki hotonta da wayar hannu, ya fi kyau ma mai motsi, domin likita ya fi gane ɗingishi da idonsa bisa ga kwatancen baki.

In tana tafiya, tana ci, tana sha, ko da da ɗan ɗingishi ko tsaga a fata, shawarar da masana su kan bayar ita ce a ƙyale ta. A buɗe mata ƙofar gona ta wajen daji, a tabbata akwai ruwa kusa inda ba sai ta ƙetare wani shinge ba, a riƙa leƙa ta safe da yamma. Wannan shawara ta kan yi wa mutane nauyi, suna ganin kamar rashin tausayi ne. A ganina ita ce ta fi wuya, ta kuma fi bukatar hankali, gama tsayawa kallo da haƙuri ya fi ɗaukar igiya wahala ga mai tausayi.

Abu guda ya kamata a ƙara a nan. In ba rauni a ke gani ba, sai dai tsuntsuwar na layi, ko tana numfashi da kyar, ko an sami fiye da ɗaya a mace wuri guda, kada a taɓa su da hannu ko kaɗan, a sanar da ma'aikatar gona. Murar tsuntsaye tana kama emu. A 2020 an sami wani iri nata a wata gonar kiwon emu a jihar Victoria.

Ta wace ce?

Zamanin da Gwamnati ke biyan lada a kan kashe emu ya wuce. A 1934, cikin wata shida kaɗai, an karɓi ladan emu 57,034 a Ostireliya ta Yamma. Yanzu kuwa doka ce ke tsaronta kamar sauran namun dajin ƙasar. Jihar Victoria tana da dokarta ta 1975, New South Wales da Ostireliya ta Yamma kowace ta yi sabuwa a 2016. Hotonta ma yana jikin tambarin ƙasar, tana fuskantar kangaru. Ma'anar wannan ga manomi ita ce, ko da a tsakiyar gonarsa ta faɗi, ba tasa ba ce. Yana iya ba ta agajin gaggawa, amma ba shi da ikon tsare ta ya yi ta jinya a gida ko ya mai da ita ta kiwo sai da lasin. In ta yi masa ɓarna ma, izni zai nema kafin ya harbe ta.

Don haka aiki na biyu shi ne buga waya. A New South Wales akwai ƙungiyar WIRES, wadda a ka kafa a 1985, a Victoria akwai Wildlife Victoria, a Ostireliya ta Yamma kuma Gwamnati na da layin waya na musamman domin namun daji masu rauni. Yawancin ma'aikatan ƙungiyoyin nan 'yan sa kai ne da a ka horar a ka ba lasin. Sai dai a tuna da girman ƙasar. Akwai gonar da tsakaninta da likitan dabbobi mafi kusa tafiyar rabin yini ce a mota, don haka sau da yawa abin da manomi zai samu shawara ce ta waya, hannun da zai yi aikin kuwa nasa ne.

Ya kamata kuma a tambayi maƙwabta, domin akwai masu kiwon emu da lasin saboda mai da nama da fata. Wadda ba ta gudun mutane, ta kan biyo mai bokiti, mai yiwuwa ta wani ce ta ɓalle, kuma kama irin wannan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

In ta rataye a waya

Nan babu zancen jira, domin kowace sa'a jini na ƙara yankewa daga ƙafar. Amma kada mutum ɗaya ya tafi shi kaɗai. Emu gaba ta ke shuri, ba baya kamar jaki ba, kuma farcen yatsanta na tsakiya ya isa ya tsaga wando da cinyar da ke cikinsa. Wanda ya tsaya a gabanta ya sunkuya, fuskarsa da cikinsa ya miƙa mata. Ta baya a ke zuwa, ko ta gefe, a hankali, ba hayaniya. A jefa mata bargo ko babban buhu ya rufe kai da jiki, domin duhu na rage mata firgita, amma a bar mata hanyar numfashi. Mutum ɗaya ya riƙe ta daga baya ya tallafe nauyinta, ɗayan ya yanke wayar da filaya. Wayar a ke yankewa, ba a jan ƙafar. Gyaran shinge aikin rabin sa'a ne, jijiyar da ta tsinke kuwa ba ta komawa.

Wajen riƙon akwai abin lura biyu. Tsuntsu ba shi da tantanin nan da ya raba ƙirji da ciki wanda mu ke numfashi da shi. Motsin haƙarƙari da ƙashin ƙirji ne ke ja masa iska, saboda haka ƙato in ya hau bayan emu ya saki nauyinsa duka, zai shaƙe ta ba tare da ya taɓa wuyanta ba. Na biyu, ba a kama ta a wuya, ba a kuma ɗaga ta da ƙafa ɗaya.

Da an kwance ta, kada a yi sauri a ce an gama. A ja da baya a ba ta lokaci. Wata ta kan yi zaune rabin sa'a ko fiye sa'an nan ta miƙe ta tafi. Wadda ta daɗe a rataye kuwa, ko da ƙashi bai karye ba, wataƙila ƙugu ya goce, ko naman da ke ƙasa da inda wayar ta shaƙe ya riga ya mutu, ko kuma ciwon korar nan ya riga ya kama ta saboda kokawar dare. Ƙafar da ta yi sanyi ta kumbura, yatsu ba sa motsi, alama ce marar kyau.

In za a jira likita, a yi mata inuwa inda ta ke, ko a kai ta rumfa mai duhu da a ka shimfiɗa wa busasshiyar ciyawa, domin a kan siminti mai santsi ƙafafunta su kan tale. A ajiye ruwa a gabanta cikin kwano mai faɗi. Kada a ɗura mata, gama ƙofar maƙogwaron tsuntsu a gindin harshe ta ke, ruwan ɗure kuma huhu ya kan nufa. Rauni na fata a wanke shi da ruwan da a ka tafasa ya huce, da ƙaramin cokali guda na gishiri cikin rabin lita. Mai zubar jini a danne shi da ƙyalle mai tsabta. Abin da ya fi gaggawa da zafi shi ne ƙuda. Makiyayan Ostireliya sun san koren ƙudan nan da ke yi wa tumakinsu ƙwai a jiki, shi ne kuma zai sauka a kan raunin emu, kafin kwana ɗaya ya cika tsutsa ta fito. Amma maganin tumaki da na shanu da ke cikin sito, na sha ne ko na allura, kada a gwada mata shi sai da faɗar likita. Abin da ya yi wa rago daidai yana iya zama guba ga tsuntsu.

Likita in ya iso da abin da zai iya. Ya kan yi mata allurar barci, ya ɗinke tsagar wuya ko ta ƙirji, ya ba da maganin zafi da na hana ruɓa, kuma irin waɗannan raunuka su kan warke da kyau. Har ma a nan emu tana da nata abin mamaki. A maƙogwaronta akwai wata tsaga ta halitta da ke buɗewa cikin wata jaka a ƙarƙashin fatar wuya, da ita ce tamatar ke yin kukan nan nata mai kama da kiɗan ganga da a ke ji daga nesa. Likitan da zai ba ta iskar barci sai ya naɗe wuyan da bandeji, in ba haka ba iskar ta cika jakar maimakon huhu.

Karayar ƙafa

Yanzu mun zo wurin da maganar ta ke da ɗaci. Mu da mu ka saba ganin maɗori ya ɗora ƙafar akuya da kara da tsumma, bayan mako kaɗan ta tashi tana tsalle, za mu ce me zai hana a yi wa emu haka? Abin da ya hana shi ne akuya tana da ƙafa uku da za ta dogara a kansu kafin ta huɗun ta warke. Emu ɗaya ta rage mata, ga nauyin kilo 40 a kai, kuma ba a daɗewa ita ma ɗayar ta kan gaza. Daga gwiwa zuwa ƙasa babu nama a ƙafarta, fata ce da jijiya a kan ƙashi, don haka ƙashin in ya karye ya kan farfashe ya huda fata, datti ya shiga. Sa'an nan ga hali. Ɗori yana son mako shida ko fiye na zama shiru, tsuntsuwar daji kuwa duk sa'ad da ta ji motsin mutum sai ta yunƙura ta tashi, ta wargaza abin da a ka ɗaura. Ko a gidajen ajiye namun daji, inda a ke da kayan fiɗa da ƙarafan haɗa ƙashi, babbar emu ko jimina mai karayar ƙafa ba safai ta ke tashi ba. 'Yan tsaki ƙanana su ne a kan yi dace da su wani lokaci, don ba su da nauyi kuma ƙashinsu na saurin haɗuwa.

Saboda haka hukuncin da likitoci da masu lasin su kan yanke a kan babbar emu mai karayar ƙafa, ko karayar baya, ko wadda ta kasa tsayuwa bayan an ba ta lokaci, shi ne a hutar da ita nan take. Likita ya kan yi da allura. Inda babu likita, ma'aikacin gandun daji ko ɗan sanda ko gwanin harbi mai lasin ya kan yi da harsashi ɗaya a ka, daga kusa. Ƙwaƙwalwarta ƙarama ce, kan kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya, don haka ba aikin ɗan koyo ba ne, harbin jiki kuwa mun riga mun ga abin da ya haifar a 1932. Sharuɗɗan wanda ya ke da ikon yi sun bambanta daga jiha zuwa jiha, shi ya sa a ke tambaya ta waya tukuna.

Akwai masu cewa a bar ta ga Allah, a ga abin da hali zai yi. Sai dai a san abin da a ke barin ta gare shi: ƙishirwa a rana, tsutsa a rauni, hankaki a ido, da dare kuma yanyawar Turai da a ka shigo da ita ƙasar, ko aladun daji. Kwana uku ko huɗu a ke yi ana wannan. Akwai kuma masu ɗauke ta su kai rumfa su yi ta fama mako biyu, su ɗaura su kwance, tsuntsuwar na cikin tsoro dare da rana, ƙarshenta ta mutu duk da haka. Waɗannan niyyarsu kyakkyawa ce, amma in an auna, hankalin mai jinyar a ka kwantar, ita kuwa an tsawaita mata wahala.

A nemi 'ya'yan

Kafin a bar wurin akwai sauran aiki guda da a kan manta. A wajen emu uba ne ke reno. Da sanyin ƙasar, wajen watan Mayu da Yuni, tamatar ta kan zuba ƙwai a ƙasa cikin ciyawa, koraye masu duhu, kowane wajen rabin kilo, sa'an nan yawanci ta yi tafiyarta. Namijin ne ke kwanci wajen mako takwas, kusan ba ci ba sha, yana tashi kawai ya juya ƙwan, har ya rame ƙwarai. In sun ƙyanƙyashe, 'yan tsaki masu zane-zane a jiki, shi ke yawo da su wata biyar zuwa bakwai, wani lokaci har fiye da shekara.

Don haka emu da a ka samu da rauni tsakanin Yuni da ƙarshen shekara, a ɗauka wataƙila uba ne. 'Ya'yan in sun ji tsoro su kan lafe cikin ciyawa, zanen jikinsu ya ɓoye su, sai an yi shiru a ke jin ɗan fitonsu. Ƙanana ba za su kwana biyu ba uba ba, ga yanyawa a ƙasa ga gaggafa a sama. A tattara su cikin kwali mai ɗumi a miƙa wa masu lasin, waɗanda su kan rene su tare da 'yan'uwansu. Ɗan emu da ya tashi shi kaɗai a tsakar gida ya kan ɗauki mutane danginsa, in ya girma ba ya sakuwa a daji, ya zama ƙato mai ƙafa shida da ba ya tsoron kowa, yana bin yara yana leƙa kicin. Wani abin sha'awa kuma, namijin emu mai 'ya'ya ya kan karɓi na wani su shiga cikin nasa, muddin ba su fi nasa girma ba.

Inda guda ɗaya ke da nauyi

Mai karatu zai iya cewa duk wannan wahala a kan tsuntsuwar da ta fi rabin miliyan a ƙasar? Gaskiya ne a cikin ƙasa tana da yawa, rijiyoyi da madatsun da makiyaya su ka yi ma sun ƙara mata wuraren zama. Amma ba ko'ina ba. Irin na tsibirin King da na tsibirin Kangaroo sun ƙare tun farkon ƙarni na 19, na Tasmaniya ya bi su wajen tsakiyar ƙarnin. A gaɓar teku ta arewacin New South Wales, wajen kwarin kogin Clarence, akwai wani ɗan garke da ya rage, wanda a ka sa cikin jerin masu shirin ƙarewa a 2002, kuma ƙididdigar da a ka yi ta yi a shekarun baya ta nuna bai kai 50 ba. Waɗannan a gonakin rake su ke kiwo, suna ƙetare hanyar mota. A can, uba ɗaya da ya mutu a shinge ya tafi da ƙyanƙyasar shekara guda. Ga shi kuwa emu ita ke haɗiye 'ya'yan itatuwan daji ta kai irinsu mil da yawa ta zubar da taki a jikinsu, har akwai itatuwan da yaɗuwarsu ta dogara gare ta ƙwarai.

Manoman da su ka gaji da kwance emu da kangaru daga waya sun koma gyaran shingen kansa. Su kan cire mai ƙaya daga layin sama su sa sumul. Su kan ɗaura farin tef ko farar waya mai kauri a saman, don tsuntsuwar ta hango shi tun daga nesa ko da magariba. Wayoyi biyu na sama a kan ɗaure su tamau a ba su tazara, yadda ba za su murɗe su kama ƙafa ba. Tsohon shingen da ba a amfani da shi a naɗe shi, guntayen waya da ƙusoshi a tsince. Emu kuwa tana da hanyoyinta da ta saba bi zuwa ruwa, sawunta mai yatsa uku a bayyane ya ke a ƙasa. Inda sawun ya ci karo da shinge, nan a ke barin ƙofa a buɗe duk lokacin da babu tumaki a wannan sashe na gonar.